Ruwa nawa karen gadi yake buƙata a rana?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina da karen gadi a gonata can bayan Tumfure nan Gombe, irin namu ne na gida, zai yi kilo 20 haka. Yaron da ke kula da shi safe da yamma yake zuba masa ruwa, amma tunda zafin nan ya shigo kullum na je sai in tarar ya zaro harshe yana ta haki. Anya ruwan yana isar sa kuwa? Nawa ya kamata ya sha a rana?

Amsa: Wa alaikumussalam Malam, Allah ya saka da alheri da ka kula, don dabbar da ka ɗaure amana ce a wuyanka, ba ta da halin zuwa neman ruwa da kanta.

Lissafin da muke bi shi ne mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyin kare. Kenan naka zai sha lita 1 zuwa 1.2 a wuni, wato ledar fiya wata biyu da ɗan ɗori, manyan nan irin na 'yan sanda masu kilo 30 zuwa 35 kuwa sai kusan lita 2. Amma fa wannan na karen da yake kwance a inuwa ne gari ba zafi. A Maris da Afrilu da zafin Gombe yake kaiwa digiri 40 abin yana iya ninkawa, dalili kuwa kare ba ya gumi irin namu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da hakin nan da ka gani yake sanyaya jikinsa, kuma duk hakin da ya yi ruwa ne yake fita ta harshe da maƙogwaro. Karya mai shayarwa da karen farauta su ma sun fi shan ruwa, haka wanda ake ba busasshen abincin nan na buhu tunda ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 ba, ba kamar mai cin tuwo da miya ba.

To gaskiya safe da yamma ya yi kaɗan. Ruwan ya zauna a gabansa dare da rana, a inuwa, inda igiyarsa za ta kai. Kwanon silba in rana ta buga shi kafin azahar ruwan ya ɗau zafi, karen sai dai ya shinshina ya koma ya kwanta. Ka sa yaron ya zaunar da kwanon cikin tsohuwar taya don kar ya kifar, ya dinga wankewa kullum saboda gansakuka da fitsarin ɓera mai kawo ciwon ƙoda da hanta. Kuma don Allah tunda gona ce, kar a yanka jarkar maganin feshi a mai da ita mazubin ruwa, ko an wanke ba a da tabbas.

In ya saba da kai, ɗaga fatar tsakanin kafaɗunsa ka saki, mai isasshen ruwa nan take take komawa, in ta tsaya a tattare akwai matsala. Taɓa dasashinsa ma, ya kamata ka ji laima da santsi, ba danƙo ba. Fitsari ya yi ja sosai, ido ya faɗa, duk alamu ne na ƙarancin ruwa a jiki.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, in gari ba zafi ka ga yana shanye sama da lita 2 kullum yana yawan fitsari, wannan ba ƙishirwa kawai ba ce, yana iya zama ciwon suga ko ƙoda, a mace kuma mugunya a mahaifa. Wanda yake amai da gudawa, musamman kwikwiyo, ruwan kwano ba zai riƙe shi ba, sai ƙarin ruwa a asibitin dabbobi. In kuwa zafi ya kayar da shi yana tangaɗi, ka ja shi inuwa ka jiƙa masa jiki da ruwa mai sanyi, kar ka ɗura masa a baki don zai iya wucewa huhu, ka garzaya da shi wajen likita.