Tambayoyi da Amsoshi: Matsalolin DCC da Fitilu a Ƙaramin Layin Dogo na Gida

Tambaya: Malam, na koma tsarin DCC, amma kan jirgina yakan tsaya cak a ɓangaren da ya fi nisa da na'urar ba da umarni, sauti ya ɗauke, sannan ya sake tashi. Dikodar ce ta lalace?

Amsa: Da wuya a ce ita ce. A DCC, wato tsarin sarrafa ƙananan jiragen ƙasa na wasa da umarnin dijital, ƙarafan dogo biyun nan ne ke ɗauke da wuta da umarni a lokaci guda, don haka ko yankewar da ba ta kai ƙiftawar ido ba tana iya sa dikoda, ƙaramar na'urar cikin kan jirgi da ke karɓar umarnin, ta fara daga farko. Goge saman dogo da ƙafafun jirgi da tsumma mai ɗan sinadarin gogewa na isopropyl. Kada ka sa sanfefa, domin karcen da take bari shi ne maɓoyar datti.

Idan bai daina ba, yi gwajin kwabo: ɗora tsabar ƙarfe ta haɗa dogo biyun a daidai wurin. Busta, na'urar da ke ba dogo wuta, in tana da lafiya za ta katse wuta nan take. In ta yi jinkiri ko ta ƙi katsewa, wutar ba ta isa wurin da ƙarfinta, kuma wannan haɗari ne, don shot na gaske, wato haɗuwar wutar dogo biyun kai tsaye, zai iya narka robar ƙafafun jirgi. Yawanci laifin ƙananan maɗaurai ne da ke haɗa dogo da dogo. Suna saki, suna yin tsatsa. Ja manyan wayoyi biyu masu kaurin 1.5 zuwa 2.5 mm² a ƙarƙashin tebur, ka fitar da sirara ka yi musu solda a gefen dogo, kusan kowace mita ɗaya. Ni na fi son kowane guntun dogo ya sami tasa wayar. Aiki ne mai cin lokaci, amma sau ɗaya ake yin sa.

Tambaya: Fitilar gaba tana kunnuwa tana mutuwa duk sanda na ƙara gudu.

Amsa: Matakan gudu ne ba su dace ba. Na'urarka tana aika matakai 28, dikoda kuma an saita ta a kan 14. Karanta CV29, ɗaya daga gurabun saiti masu lamba da ke cikin dikoda, wanda lambarsa jimillar darajojin zaɓuɓɓuka ce: idan darajar 2, mai kunna matakai 28, ba ta cikin lissafinsa, ƙara ta. Ga mai gajeren adireshi (lambar da ake kiran jirgi da ita), 6 ita ce darajar da aka saba. In saitin ya rikice gaba ɗaya, dikodoji da yawa suna komawa yadda suka fito daga masana'anta idan ka rubuta 8 a CV8, sai jirgin ya amsa a adireshi 3. Duba takardar taka, don wasu kamfanoni lambarsu daban ce.

Tambaya: Na sa ƙwan LED a kan jirgi, ya yi haske sau ɗaya ya mutu.

Amsa: Babu resista kenan, wato abin da ke rage wutar da ke shiga ƙwan. Shuɗiyar wayar dikoda ita ce fosatif da dukkan fitilu ke rabawa, fara ta fitilar gaba ce, rawaya ta baya, kuma wutar da ke fitowa tana kusa da ta dogo, wajen bolt 14 a ma'aunin HO, ɗaya daga girman ƙananan jirage da aka fi amfani da su. Farin LED bolt 3 kawai yake ci. Resista mai ohm 1,000 za ta bar kimanin miliamfiya 11 su wuce, wanda ya wadatar. In hasken ya yi yawa, sa mai 2,200. Doguwar ƙafar LED ita ke zuwa shuɗiya, kuma kowane ƙwai da tasa resistar. Gwada da sabon ƙwai, domin wani lokacin mafitar dikodar ma tana ƙonewa tare da shi.

Tambaya: Fitilun taragai suna ƙyafƙyaf, kuma tun da na ƙara musu kafasita, busta ta ƙi tashi bayan shot.

Amsa: Kafasita, wadda ke ajiye wuta don cike yankewa, in fanko take tana zuƙar wuta da yawa a tashin farko, busta kuma sai ta ɗauka shot ne. Jera su haka: rektifaya mai diyod huɗu, mai mai da wutar dogo ta koma DC, sai resista ohm 100, sai kafasita 1,000 µF mai jure bolt 25, sannan LED da resistarsa. Resistar farkon ita ke sa kafasitar ta cika a hankali. Fitilun gidaje da na tituna kuwa, cire su daga wutar dogo, ka ba su adaftar bolt 12 DC tasu. Asara ce ka ƙarar da amfiyan busta a kan abin da ba ya motsi.

Tambaya: Akwai madauki da jirgi ke bi ya juyo, da ya shiga sai komai ya mutu.

Amsa: A irin wannan madaukin dogon dama yana zagayowa ya haɗu da na hagu. Yanka dogo biyun a mashiga da mafita, ka sa maɗauran roba, ka ciyar da tsakiyar ta na'urar juya wuta mai aiki da kanta. Tsakiyar ta fi jirginka mafi tsawo tsayi, in ba haka ba ƙafafun ƙarfe za su taka yanka biyun lokaci guda, shot ɗin ya dawo.