Ga ƙanwata mai son binciken yadda ƙari ke jawo jijiyoyin jini

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso. Kin ce kin gama digirin farko a kimiyyar halittu, kina neman gurbin karatu a waje, kuma abin da ya ɗauki hankalinki shi ne batun kashe ciwon daji da yunwa, wato a toshe jijiyoyin da ke kai masa jini. Kina tambaya ko aikin ya kai a bar gida dominsa. Ya kai, kuma ina so ki zo. Sai dai ki fara sanin inda maganar ta kwana.

A 1971 wani likitan tiyata a Boston, Judah Folkman, ya ce ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya samu jijiyoyin jini, kuma shi da kansa yake kiran su. An daɗe ba a yarda da shi ba. A 1989 Napoleone Ferrara ya ware furotin mai suna VEGF, wanda shi ne babban ɗan aiken. Idan ƙari ya yi girma, ƙwayoyin tsakiyarsa sukan rasa oksijin. Nan sai wani furotin, HIF, wanda jiki ke rushewa nan take muddin akwai iska, ya taru ya sa a yi ta ƙera VEGF. VEGF ɗin kuma ya malala har ya manne wa ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiya. Sai su narkar da bangon da ya riƙe su, ɗaya ta shige gaba tana lalube, na bayanta suna hayayyafa suna zama bututu. Gano yadda ƙwayar halitta ke jin ƙarancin oksijin ne ya ba Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019.

A 2004 Amurka ta amince da Avastin, maganin da ke kama VEGF, don ciwon dajin hanji. Ya ƙara wa marasa lafiya watanni, bai warkar ba, kuma a 2011 aka janye amincewar yin amfani da shi a dajin nono. In an toshe wa ƙari hanya ɗaya yakan koma ga wani ɗan aike kamar FGF, ko ya lafe jikin tsofaffin jijiyoyi ya ci gaba da sha. Rakesh Jain na Harvard ma ya nuna cewa jijiyoyin ƙari karkatattu ne masu yoyo, kuma maganin kan daidaita su na ɗan lokaci har sauran magunguna su samu shiga. A ganina wannan ne ya sa fagen bai mutu ba: tambayoyin sun fi na da yawa. (Kuma irin waɗannan magunguna suna ceton ganin tsofaffi masu cutar bayan ido, abin da nake tunawa duk ranar da gwiwata ta yi sanyi.)

Aikin yau da kullum na hannu ne. Muna rainon ƙwayoyin jijiya da aka samo daga igiyar cibiyar jarirai, a cikin akwatin ɗumi mai maki 37 a ma'aunin Celsius, muna sauya musu ruwan abinci kusan kowane kwana biyu, ko ranar hutu ce. Sai mu ɗebi ruwan da ƙwayoyin ciwon daji suka zauna a ciki mu zuba wa ƙwayoyin jijiyar a kan wani abu mai kauri da ake kira Matrigel. Cikin sa'o'i kaɗan za ki ga sun haɗa kai sun yi raga kamar saƙar zuma. Ranar da na fara ganin haka na kasa tashi daga kan madubin ƙara girman ƙananan halittu. Amma ki riƙe wannan: raga a faranti ba jijiya ba ce, babu jinin da ke gudana a cikinta. Dole a sake gwadawa a fatar cikin ƙwan kaza, sannan a jikin ɓeraye bayan izinin kwamitin ɗa'a. Na taɓa asarar aikin wata biyu saboda ƙwayar cuta ta shiga kwalabena ban lura ba. Tun daga nan nake gwada su a kai a kai, kuma wani nake ba hotunan ya ƙirga rassan ba tare da ya san wane faranti ne wane ba, don ido na son ganin abin da zuciya ke fata.

Kafin ki taso, ki nemi duk ɗakin gwajin da za su bar ki ki koyi aiki cikin tsafta da auna ruwa daidai. Ki ƙware a lissafin ƙididdiga, ki sauke manhajar ImageJ, kyauta ce, ki fara auna hotuna. Idan za ki rubuta wa farfesa, ki karanta takardunsa uku na baya-bayan nan, ki yi masa tambaya ɗaya a kan wani gwajin da ya yi. Ki turo min wasiƙar in duba kafin ki aika. Allah ya ba da sa'a.

Yayarki.