Ambulan ɗin jirgin Wahoo: daga cikin jirgin ya fito?

Tambaya: Malam, ina tara kan sarki tun ina sakandare. Kwanan nan na sayi wani ambulan ta intanet mai zanen jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Amurka da ake kira Wahoo. Mai sayarwa ya ce daga jirgin ya fito, amma hatimin gidan waya na nuna 11 ga Oktoba, 1993. An cuce ni ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ambulan ɗinka bai taɓa shiga Wahoo ba, kuma hatimin nan shi ya tona asirin. Jiragen saman Japan sun nutsar da Wahoo ranar 11 ga Oktoba, 1943, a mashigin La Perouse da ke arewa da tsibirin Hokkaido, da kwamandansa Dudley Morton da duk wanda ke ciki. Ka ga ke nan abin da ke hannunka na tunawa ne da cikar shekara 50. Ba jabu ba ne, sai dai in kuɗin na asali ka biya, to an yi maka tsada.

Amurka ta yi asarar irin waɗannan jirage 52 a Yaƙin Duniya na Biyu, da mutum sama da 3,500, tun daga jirgin Sealion a Disamba 1941 har zuwa jirgin Bullhead ranar 6 ga Agusta, 1945. Masu tarawa da yawa burinsu su haɗa ambulan ɗaya na kowane jirgi. Na tunawa irin naka shi ne mai sauƙin samu: a buga zane a gefen hagu, a manna kan sarki, a kai gidan waya ranar da abin ya zagayo.

Na gaba da shi a daraja shi ne ambulan ɗin da aka yi lokacin da jirgin ke nan da ransa: ranar fara ƙira, ranar tura shi ruwa, ranar kama aiki. An ƙera Wahoo a Mare Island ta Kalifoniya, aka tura shi ruwa a Fabrairun 1942.

Amma ni wanda ke tsaya mini a rai shi ne wasiƙar sojan ruwa zuwa gida. Ba ta da ado ko kaɗan, in ba ka sani ba sai ka wuce ta a cikin tarkace. Tun 1908 jiragen yaƙin Amurka ke da gidan waya a ciki, hatimi ɗauke da sunan jirgi. Da yaƙi ya ɓarke sai aka cire sunayen don kada abokan gaba su gane inda jirgi yake, aka bar "U.S. Navy" kawai. Saboda haka kada ka nemi sunan a hatimi. Duba kusurwar hagu ta sama, inda sojan ya rubuta sunansa da na jirginsa da hannu, sannan ka nemi ɗan tambarin jami'in tace wasiƙu, wanda yakan sa haruffan sunansa da tawada. A maimakon kan sarki, sau da yawa kalmar "Free" za ka gani, don daga 1942 an yafe wa sojoji kuɗin wasiƙa. Sai ka gwada sunan da jerin mutanen jirgin. Ka ɗauki jirgin Tang, wanda makaminsa na tofido (bam mai tafiya cikin ruwa) ya juyo ya buge shi a Oktoban 1944: mutum tara kaɗai suka tsira. Wasiƙar da ta fito daga can, akwai yiwuwar mai ita bai dawo ba.

Hattara da wata dabara: a samu tsohon ambulan na gaske, a buga masa zane daga baya don ya yi kuɗi. In tawadar zanen na ƙyalli alhali takardar ta yi ja don tsufa, ka ja baya. Ƙungiyar masu tara hatiman jiragen ruwa, Universal Ship Cancellation Society, wadda aka kafa a 1932, tana da kundin hatimai bisa tsarin da Francis Locy ya shimfiɗa. Da shi ake gwadawa.

Naka kuwa, ka adana shi. Kada ka sa masa gam ko salatif, kada ka kai a yi masa laminatin, ka nisanta shi da laimar damina da gara. A ƙaramar takarda daban ka rubuta da fensir ranar da ka saya da nawa ka biya.