Hajiya, kar ki sayar da filin nan saboda mashin ɗin matsi

Wata Hajiya daga Yamai ta aiko min da saƙo, tana yin bisap da jimjam da ruwan mangwaro tana kaiwa butik-butik, amma da zarar kuran ya ɗauke a watan zafi sai kayan su yi tsami buteli ya kumbura, masu butik su maido mata. Ɗanta ya nuna mata bidiyo a Facebook na wani mashin da ke kashe ƙwayoyin cuta da matsin ruwa ba tare da an dafa ba, shi ne take tambaya ko ta sayar da filinta ta yi odar sa.

To Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Abin da yaron ya nuna miki gaskiya ne, ba damfara ba ce. Ana kiran dabarar HPP, wato sarrafa abinci da matsi mai ƙarfin gaske. Ana zuba jus a robarsa a rufe, a jera cikin wata tukunyar ƙarfe mai kaurin gaske, a cika ta da ruwa, sai famfo ya yi ta tura ruwa har matsin ya kai bar 6000 (bar ma'aunin matsi ne), a bar shi haka kamar minti 3 zuwa 5. Wannan matsi ya ninka wanda ke can ƙasan teku mafi zurfi a duniya sama da sau biyar. Kuma robar ba ta fashewa, don ruwa in an matse shi yana danna abu ta ko'ina daidai wa daida, sama da ƙasa da gefe, ƙa'idar da Blaise Pascal ɗan Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17, ita ce dai ke sa jak ɗin bakanike ya ɗaga mota. Ƙwayoyin cutar su mutu, launi da ɗanɗano su tsaya kamar yanzu aka tace. Tun 1899 wani Bert Hite a Amurka ya gwada shi a kan madara, amma sai 1990 aka fara sayar da kayan da aka yi da shi a Japan. Ni kaina abin yana burge ni wallahi.

Amma ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne bidiyon ba ya gaya muku. Matsin ba ya kashe irin ƙwayoyin nan masu shiga ɓawo su kwanta su jira, har da mai sa guba a abincin gwangwani. Saboda haka jus ɗin da ya fito daga mashin ɗin nan dole dai a firigo zai zauna tun daga wurinki har hannun mai saye. Kin gani ko? Ciwon naki rashin sanyi ne, shi kuma mashin ɗin sai da sanyi yake amfani. Kin sayar da fili, kin kawo shi, kuran ya ɗauke a butik ɗin Wadata da rana tsaka, kayan su dawo miki kamar jiya.

Ga kuɗi kuma. Ƙaramin cikinsu ma maganar ɗaruruwan miliyoyin sefa ake, kafin dakon jirgin ruwa da na mota da duwan, kafin wutar da zai ci, in wani roba ya ci a cikin famfon kuma sai an nemo daga wajen masu ƙera shi kamar Hiperbaric da ke Burgos a Sifen. Ko a Turai da Amurka ƙananan masu jus da yawa ba sa saye, kai kayansu suke wurin mai mashin su biya a matsa musu. Kuma can mai saye yana biyan tsada don an ce ba a dafa ba. Mai sayen bisap a Katako fa? Sanyi yake so da araha.

Ke Allah ya riga ya ba ki sa'a ba ki lura ba, bisap abu ne mai tsami sosai, kuma dama dafa shi ake ko a jiƙa, zafi ba ya ɓata shi. Abin da ke ɓata miki shi yawanci bayan dahuwa yake shiga, ruwan da aka ƙara, rariya, bokiti, hannun yara, da tsoffin robobin ruwa da aka ɗauraye sama-sama. Ki sa sukari tun yana kan wuta, ki sayi ma'aunin zafi na abinci ki tabbata ya kai digiri 85, ki ɗura shi da zafinsa a butelin kwalba da kika tafasa, ki rufe nan take da ɗan mashin ɗin hannu mai danna marfi, ki kwantar da shi 'yan mintoci zafin ya taɓa marfin. Kar ki gwada da robar ruwa, lanƙwashewa za ta yi. Jimjam da mangwaro ba su kai bisap tsami ba, su sai da lemun tsami, kuma kar ki yi da ka, ki je ɗakin gwajin abinci na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, su nuna miki awo.

Kuɗin da ke hannunki ki sa a kwanjelatar mai aiki da sola, ko da guda ɗaya ce. Sannan ki ɗauki kaye, wata ɗaya cur ki riƙa rubuta buteli nawa kika fitar, nawa aka maido, daga wane butik. Ina kyautata zaton za ki tarar butik biyu ko uku ne ke jawo miki yawancin asarar, su sai ki rage musu kaya ki riƙa kai musu kaɗan-kaɗan kullum da safe.

Ki yi buteli 20 na gwaji a satin nan, ki rubuta kwanan wata a jikin kowanne, rabi a firigo rabi a ɗaki, ki riƙa buɗe ɗaya bayan kwana uku-uku kina duba wari da kumfa. In kin gama ki turo min abin da ke cikin kayen mu yi lissafin kwanjelatar tare.