Ko Halal Ne In Yi Wa Mijina Hatimin Mahabba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara tara ke nan da aurena, kuma tun da maigidana ya fara neman ƙarin aure ya juya mini baya. Goggona ta kawo mini wani ɗan littafin asirai, a ciki akwai babin mahabba mai hatimi, an ce a rubuta sunansa da na mahaifiyarsa, a haɗa da gashin kansa, a turara, sannan a binne a bakin ƙofa. Na ga akwai ayoyin Alƙur'ani a shafin, kuma mijina ne na sunna, ba cutar da shi nake nufi ba. Shin akwai laifi? Daga wata baiwar Allah, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya yaye miki wannan damuwa, domin wulaƙancin miji ciwo ne da wadda ta ɗanɗana kaɗai ta san zafinsa. Sai dai abin da goggonki ta kawo miki yana da suna tun zamanin Sahabbai, wato tiwala, abin da mace ke yi don ta jawo son mijinta, wanda mu muke kira mallaka. Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito daga Abdullahi bin Mas'ud cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa ta cikin shirka. Lura da kyau, hadisin yana magana ne a kan matar aure da mijinta na halal, saboda haka hujjar cewa mijinki ne ba ta fitar da ke daga hukuncin ba.

Ayoyin da kika gani ma ba su wanke shafin ba. Yawancin irin waɗannan ƙananan littattafai da kundayen malaman tsibbu suna ɗibar hatimansu ne daga manyan littattafai irin su Shamsul Ma'arif, wanda ake jingina wa Ahmad al-Buni, mutumin garin Buna a ƙasar Aljeriya ta yau, da ya rasu wajajen 1225. Tsarinsu shi ne a mayar da haruffa lambobi ta hanyar hisabi, a jera su cikin gidaje, kamar hatimin nan mai gida tara da kowane layinsa ke ba da 15, sannan a kewaye da sunayen da ba a san ma'anarsu ba, waɗanda ake cewa na hadimai ne. Ibn Hajar ya kawo ijma'in malamai cewa ruƙya tana halatta da sharaɗi uku: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa, da harshen da ake fahimta, kuma a ƙudurce cewa ba ta da tasiri da kanta sai da ikon Allah. To, ki tambayi kanki, me addu'a za ta yi da gashin mutum da sunan uwarsa? Mai roƙon Allah ba ya haƙa rami a bakin ƙofa da tsakar dare.

Batun cewa ba ki nufin cutarwa shi ne inda na fi so ki tsaya ki yi tunani. Manufar mallaka ita ce a ɗauke wa mutum zaɓinsa ba da saninsa ba, ya zama sai abin da kika ce, kuma wannan zalunci ne ko da an lulluɓe shi da sunan so. Duk mun san gidajen da ake nuna maigida da baki ana cewa an shanye shi, ya daina leƙa mahaifiyarsa, 'yan'uwansa sun zama baƙi a ƙofarsa. Matar ma ba ta samun natsuwa, domin kullum tana fargabar ranar da asirin zai karye, tana kai kuɗi a sabunta. Daga nan kuma taki ɗaya ne zuwa farraƙu a kan amarya, wanda aya ta 102 a Suratul Baƙara ta ambata ƙarara, ta ce wanda ya saye shi ba shi da rabo a lahira.

Haƙƙinki na ci da sha da kwana da kyautatawa bai faɗi ba don zai ƙara aure. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki faɗa masa abin da ke damunki, idan bai saurara ba ki sanar da waliyyinki, a kira babba daga danginsa da babba daga naki kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara. Littafin kuwa, tunda akwai ayoyi a ciki, kada ki jefa shi bola, kada kuma ki mayar wa goggo ta kai wa wata. Ki ƙona shi, ki binne tokar a wuri mai tsarki.