Sikirif ɗinka lafiyarsa ƙalau, cron ne bai san hanya ba

Ƙanina na ga saƙonka, ka ce sikirif ɗin bakof (wato ajiye kwafin bayanai) da ka rubuta in ka kunna shi da hannunka yana aiki tsaf, amma da ka saka shi a cron, mai kunna ayyuka a lokacin da aka tsara, don ya riƙa tashi da kansa ƙarfe biyun dare, gari ya waye ko fayil ɗaya babu. Kwantar da hankalinka, duk mai wannan sana'a ya taɓa cin karo da ita.

Ga yadda abin yake. In ka shiga sabar daga nesa ta SSH, bash, mai karɓar umarninka, yana karanta .profile da .bashrc ya shirya maka PATH mai faɗi, wato jerin foldojin da ake neman umarni a ciki, shi ya sa da ka ambaci sunan umarni yake ganewa, shi kuwa cron ba ruwansa da waɗannan, yawanci /usr/bin da /bin kawai ya sani, in kayan aikinka suna /usr/local/bin to ya tsaya ke nan kuma ba zai faɗa maka ba. Buga which mysqldump ka ga inda wannan umarni mai kwafe rumbun bayanai yake zaune, ka rubuta cikakkiyar hanyar, har ta foldar da za a zuba bakof ɗin.

Sai ka duba layin crontab ɗin kansa, wato jadawalin cron, in ka sa date +%F mai ba da kwanan wata a ciki to alamar % wurin cron sabon layi take nufi, dole ka sa mata \ a gaba. A ƙarshen layin ƙara >> /home/kai/bakof.log 2>&1 domin duk kukan da zai yi cikin dare ka tarar da shi a rubuce da safe. Af, ka buga date ma, sabobi da yawa a kan agogon UTC suke, biyun darensu ukun darenmu ne.

Amma wallahi abin da ya fi damuna shi ne ranar da zai fara aiki ka saki jiki. Na taɓa riƙe shafin wani mai shago, kullum fayil na fitowa da kwanan wata daidai, ashe an canja kalmar sirrin rumbun bayanan tuntuni, mysqldump na faɗuwa shi kuma gzip mai matse fayil na matse iska, kowane fayil bayit 20 cif. Sai ranar da shafin ya lalace na buɗe na ga wayam, ban runtsa ba daren nan, amanar mutum ce a hannuna. Tun daga lokacin saman kowane sikirif nawa akwai set -euo pipefail domin ya tsaya in wani umarni ya faɗi, kuma kwafi ɗaya rsync na kai shi wata sabar daban, don in wannan ta mutu kar ta tafi da shi.

Gobe in Allah Ya kai mu ka zo shago da bakof ɗin daren yau, za mu buɗe rumbu sabo fil ka mayar da shi da hannunka ina kallo.