La'adar Kamfanonin Karɓar Biya ta Intanet: Abin da Na Gani a Shekara Bakwai

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko akwai adalci a kuɗin da kamfanonin karɓar biya ta intanet suke yanke wa ɗan kasuwa a kan kowane ciniki, har ka ce da ka duba lissafinka na wata sai ka ji kamar wa wani kake yi wa wahala. Na fi shekara bakwai ina sayar da kaya ta shafina, na yi hulɗa da kamfani uku daga cikinsu, don haka bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Da farko ni ma haushin kamfanin kawai nake ji, domin sunansa nake gani a jikin rasit. Sai daga baya na gane la'adar nan baki uku ne suke cinta. Akwai bankin da ya ba kwastoma katin, akwai masu layin katin irin su Visa da Mastercard, sannan shi kamfanin da bankin da yake ajiye maka kuɗin. A inda doka ba ta sa baki ba, kaso mafi tsoka bankin mai katin ne yake ɗauka, kuma daga ciki yake biyan 'yan kyaututtukan da yake jawo masu kati da su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kamfanin kuwa aiki yake yi na gaske: na'urorinsa ba sa barci, yana tace 'yan damfara, kuma shi yake ɗauke maka nauyin ƙa'idojin tsare bayanan kati na PCI DSS, waɗanda ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya cika su shi kaɗai ba. Na sha tashi da asuba in tarar an yi mini ciniki daga ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Wannan hidima ce, kuma ban ga laifin a biya ta ba.

Amma kada kowa ya ce maka tushen farashin nan dole ne, wai haka aikin yake ci. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade kason bankin mai kati zuwa kashi 0.2 cikin ɗari a katin cire kuɗi, da kashi 0.3 a katin bashi, kuma har yau katuna suna aiki a can lafiya lau. A Amurka gyaran dokar da Sanata Dick Durbin ya kawo a 2010 ya sa an rage wa manyan bankuna kason katin cire kuɗi zuwa kimanin santi 21 da kashi 0.05. Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne na Birtaniya. Bayan ta fita daga Tarayyar Turai, ƙayyadewar ta daina aiki a kan cinikin intanet tsakaninta da ƙasashen Tarayyar, sai a 2021 kason ya tashi daga 0.2 da 0.3 zuwa 1.15 da 1.5. Katin bai canja ba, layin bai canja ba, shinge kawai aka cire, kuɗin ya ninka sau biyar ko fiye. Indiya kuma tun farkon 2020 ta soke wa 'yan kasuwa la'ada a kan biyan UPI, tsarinta na tura kuɗi nan take ta waya, da katin cire kuɗi na RuPay, layin katinta na gida, Brazil ta fito da nata tsarin tura kuɗi nan take mai suna Pix a ƙarshen 2020, wanda ya fi kati sauƙi sosai ga mai saye da sayarwa.

Yanzu mu zo kan inda abin yake mini ciwo.

Mafi yawansu ba kaso kaɗai suke cira ba, akwai wani tsayayyen kuɗi da suke ɗorawa a kan kowane ciniki, ƙarami ne ko babba. Ɗauki farashin da Stripe, ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, ya sanar a Amurka, kashi 2.9 da santi 30. Wanda ya sayar da kayan dala 100 za a cire masa dala 3.20, wato kashi 3.2. Wanda ya sayar da na dala 5 za a cire masa kusan santi 45, ya doshi kashi 9 ke nan. Na dala 2 kuwa ya kusa kashi 18. Ka ga mai ƙaramin jari shi ya fi biya, alhali manyan kamfanoni zama suke yi a yi ciniki da su a rage musu. Sannan kuskuren da na daɗe ina yi shi ne auna la'adar da kuɗin kaya. Da riba ake auna ta. Idan ribarka goma ce a cikin ɗari aka cire uku da ɗoriya, kusan sulusin guminka ne ya tafi. Ranar da na zauna da biro da takarda na gano haka, na daɗe ina kallon lambar kafin in iya rufe littafin.

Duk da haka zan iya haƙuri da wannan, tunda a rubuce yake kuma na gani kafin in sa hannu. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda ake karɓar lada a bar maka asara. Wata rana wani ya sayi kaya masu ɗan tsada a wurina, na naɗe su da hannuna, na tura, aka kai, aka sa hannu a takardar karɓa. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki sai ga saƙo: mai katin ya gaya wa bankinsa bai san da cinikin ba. Kafin a ji ta bakina an riga an zare kuɗin daga asusuna, an ƙara da tarar ƙorafi. Na kwana ina tattara hujjoji, hoton takardar karɓa, lambar bibiyar kaya, hirarmu da shi inda yake tambayata launi. Na tura, na jira makonni, amsar ta zo a layi biyu cewa bankin mai katin bai gamsu ba. Kaya sun tafi, kuɗi sun tafi, tara ta hau, la'adar cinikin ma ba a dawo mini da ita ba. Alhali na'urarsu ce ta amince da katin tun farko, ni ban taɓa ganin lambarsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai shi ya kamata ya yi masa aski. Mai kati a galibin lokuta yana da har kwana 120 ya kai irin wannan ƙorafi, don haka kuɗin da ka gani a asusunka yau bai gama zama naka ba.

Bayan wannan na kunna tsarin 3-D Secure, wanda yake sa bankin kwastoma ya tabbatar da shi da lambar sirri kafin kuɗi su fita. Idan ciniki ya bi ta nan, yawanci nauyin ƙorafin sata yana komawa kan bankin mai katin. Wasu masu saye suna gajiya su fasa, amma na fi son hakan da asarar da na yi. Abin da ya ba ni takaici shi ne babu wanda ya nuna mini wannan lokacin da nake rajista.

Sai riƙe kuɗi. Akwai watan da kasuwa ta buɗe mini, ciniki ya ninka, ina murna, sai kamfanin ya ga abin ya saɓa da yadda na saba, ya daskarar da wani kaso na kuɗina na tsawon watanni da sunan kariya. Na fahimci tsoronsu, domin akwai masu karɓar kuɗin mutane su gudu. Amma a lokacin nake da buƙatar sake saro kaya, kuma duk saƙon da na aika amsa iri ɗaya ce take dawowa, ban samu mutum guda da zan yi wa bayani ba. Kuɗin canji ma haka: idan kwastoma ya biya da kuɗin wata ƙasa, ban da ƙarin kason katin waje, akwai ɗan abin da ake shigarwa cikin farashin canjin, sai ka kwatanta da na kasuwa za ka gan shi.

To amsata gare ka ita ce, kason da suke rubutawa da manyan baƙaƙe ina ganin akwai dama-dama a cikinsa, sharuɗɗan da ke ƙasa da ƙananan baƙaƙe su ne ba na kira adalci. Kuma kafin ka yi tunanin ɗora wa kwastoma kuɗin, duba dokar inda kake da yarjejeniyar da ka sa wa hannu, domin Birtaniya misali ta hana hakan tun Janairun 2018.

Ga abin da zan so ka yi a daren nan. Ɗauko bayanan wata uku, ka haɗa duk abin da aka cire, da la'ada da tara da canji da kuɗin fitar da kuɗi zuwa banki, ka raba da jimillar ciniki. Idan ƙananan kaya ne suke cin ka, haɗa su biyu ko uku a sayar tare, ko ka sa mafi ƙarancin abin da za a iya saya. Buɗe hanyar tura kuɗi kai tsaye daga banki ga mai so. Idan cinikinka ya fara kauri, rubuta musu ka nemi ragi ka nuna musu lambobinka. Ni sai a karo na biyu aka amsa mini, kuma an rage. In ka fitar da lissafin, kawo lambar nan tare da matsakaicin kuɗin cinikinka guda, in sha Allahu zan taya ka duba ta inda ya fi zuba.